Ranin da na yi kiwon shanun laka

Bana ruwa ya janye da wuri. Tun ba a gama yankan shinkafa ba bakin kogi ya fara tsattsagewa, in iska ta taso daga fadama da hantsi sai ta shigo mana har tsakar gida da warin laka, warin ruɓaɓɓiyar ciyawa da kifi. 'Yan gidanmu toshe hanci suke yi. Ni kuwa kujerata nake ja zuwa bakin ƙofa.

A nan Malama Rifkatu ta same ni, da bokiti a hannu. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, tana da 'yar makarantar ƙananan yara a bayan layinmu nan Haɗejiya, can ake kai jikana Halifa.

"Mama, ina kwana? Don Allah a ina ake samun laka mai kyau? Wadda na sa aka ɗebo mini duk yashi ce, ba ta kamuwa."

"Gini za ki yi, Malama?"

"A'a, yara ne za su yi wasa. Yanzu an ce yana da kyau yaro ya riƙa cuɗa ƙasa da hannunsa, tana buɗe masa kai."

Na yi dariya har da tari. Ikon Allah! Abin da aka yi ta zane mu a kansa, yau shi ne karatu. Na kwatanta mata inda ruwa ya fi daɗewa a kwance, na ce ta sa a tona da zurfi. Washegari ƙafata ta kai ni makarantar, wai in ga ƙwaƙwaf. An shimfiɗa leda a gindin darbejiya, an sa wa kowane yaro rigar leda a kan kayansa. Halifa yana taɓa lakar da yatsa ɗaya yana waiwayen ƙofa, don uwarsa ta ja masa kunne a kan farar safarsa. Na gutsuri kaɗan in nuna masa, kafin in ankara hannuna ya riga ya fitar da tozo da wuya.

"Hajiya, kare ne?"

"Kare a gidanku! Saniya ce, angon banza wanda bai san saniya ba."

Yara suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na koma gida abincin rana bai ciwu ba. Sanyin lakar nan ya ƙi barin tafin hannuna, ya yi ta ja na baya zuwa wani rani da na daɗe ban ba kowa labarinsa ba.

Ƙauyenmu yana kan wani ɗan tudu a tsakiyar fadama, hanyar Kirikasamma. In kogi ya cika, sai da kwalekwale ake zuwa mana. In ya fara janyewa, manya su bi shi da irin wake, mu yara mu bi shi da hannu. Lakar sama ba ta da amfani, ta bushe ta nannaɗe kamar ƙanzo. Ɗaye ta ake yi a zura hannu har gwiwa, a kamo ta ƙasa, baƙa wuluk, mai sanyi, wadda take riƙe hannu tana ƙara in za a zare. A cuɗa ta da busasshen kashin jaki don kada ta tsage. Da babban yatsa ake tayar da tozo, ƙayar bagaruwa ce ƙaho, miyau ne man gyaran jiki. Mai son farar saniya ya shafa mata toka, mai son ja ya nemo jar ƙasa. A inuwa ake shanyawa, rana fasa su take yi. Mu koma gida da laka har cikin kunne, Inna ta tare mu da soso da ranƙwashi, gobe kuma mu koma.

'Yan mata tukwane da murhu suke ginawa. Ni shanu nake yi, saboda Habu. Ƙanena ne, shi ke bi na, kuma ko bayan gida zan zaga yana riƙe da bakin zanina. Habu bai iya gini ba, Allah ya sani. Kan saniyarsa ya fi jikinta girma, ƙafafun gaba gajeru, da ya ajiye ta sai ta kifa da hanci. In yara suka yi masa dariya sai ya tsuke fuska ya ce, "Ba faɗuwa ta yi ba, kiwo take yi."

Shekarar da nake faɗa, ruwan sama ya ɗauke gero yana cikin bununi. Aka ce to, kogi zai rufa asiri. Kullum da safe dattawa su je bakin gaɓa su kafa kara a inda ruwa ya tsaya. Kogi bai fito daga gadonsa ba. Wasu suka ce an tare ruwan ne a can yamma, wasu suka ce halinmu ne ya jawo. Shinkafa ta bushe a tsaye, akuya ma sai ta shinshina ta wuce.

Ni abin da na fara lura da shi, turmi ne ya yi shiru. Da, tun asuba ake jin daka gida-gida, sai ya koma gida ɗaya nan, ɗaya can. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, kunun ma kana ganin ƙasan ƙwarya. Mata suka shiga tonon bado a ɗan tafkin da ya rage, ana dafa yaɗiya da dusa. Mu yara goruba muke gwagwiya har dasashi ya yi jini. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai, wani jiri ne da ke sa in ka miƙe tsaye duniya ta yi duhu kafin ta dawo.

Sai aka fara tafiya. Gabas ake yi, bakin tafkin Chadi, inda aka ce akwai ƙwadago da kifi. Duk mai sauran saniya ko tunkiya, kafin ya tashi sai ya kora ta wurin wani Bafulatani da muka saba da shi, ya ce, "Ga amana." Haka ake yi tun kakanni: in ka dawo a ba ka abarka, in ta haihu a ba ka da ɗanta. Mu kuwa muna gefe muna kallo.

Aka yanke cewa ni ba za a tafi da ni ba. Kaka, mahaifiyar Baba, gwiwoyinta ba sa tafiya, idonta ma ya yi rauni, dole a bar mata mai ɗebo ruwa. Da labari ya bazu a cikin yara, sai ga Iro, ɗan maƙwabtanmu, da shanunsa a cikin fasasshiyar ƙwarya. Ɗanyar laka ba ta tafiya a cikin ƙunshin kaya, gari take komawa. Ya dire a gabana, ya yi murya irin ta babansa.

"Dije, ga amana. In na dawo ki ba ni da 'ya'yansu."

Shi ke nan ya buɗe hanya. Duk yaron da gidansu zai tashi sai ya kawo mini nasa. Na jera su a ƙarƙashin rumbunmu, inda kaji suke kwanciya lokacin da muke da kaji.

Ranar tafiyar gidanmu, Habu ya kawo nasa da kansa, yana ɗauko su ɗaya-ɗaya da hannu biyu.

"Yaya, kar ki haɗa su da na Iro. Nasa mafaɗata ne."

"To, sarkin shanu. Yaushe za ka dawo ka karɓi abinka?"

"In an yi ruwa, in ji Baba."

Inna tana goye da jaririya, ta ɗora hannu a kaina ba ta dube ni ba, ta ce, "Ki kula da Kaka." Na bi su har ƙarshen tudu. Habu yana ta waiwaye yana zama baya, Baba yana tsawata masa. Na tsaya har suka shige cikin kaba.

Wayyo, ban san gari yana iya yin shiru haka ba. Aka bar tsofaffi, da liman, da karnuka masu haƙarƙari a waje. Yaro ko ɗaya babu sai ni. In na yi tari a wannan lungu, ina jin sa yana dawowa daga wancan.

Yininmu iri ɗaya ne. In Kaka ta idar da sallar asuba, na ɗauki ɗan tulu na gangara cikin kogi, inda aka tona rami a yashi. Ba ɗiba ake yi ba, jira ake yi. Ruwa ya tsattsafo ya taru kamar cikin ludayi, na kwashe, na sake zama. In na dawo na jiƙa wa Kaka kaba, ta zauna saƙar tabarma da lalube, wadda wani dattijo ke kai wa kasuwar Haɗejiya ya musanyo mana 'yar dawa. Na hura wuta, mu dama abin da ya samu. Daga nan sai in ce, "Kaka, zan kai shanu kiwo."

Ina kwasar su a faifai zuwa gindin wata tsamiya a bakin busasshen tafki. Can nake jera su garke-garke, kowane mai shanu da wurinsa, na Habu nesa da na Iro. Da farko shiru nake zama ina kallon su. Daga baya na fara yi wa masu su magana, ina amsa wa kaina da muryoyinsu. In yi faɗan Iro, in yi kukan Habu, in shiga tsakani in raba. Har gida abin ya bi ni. Wata rana Kaka ta tsayar da saƙa ta karkato kunne.

"Ke da wa kike surutu a bayan rumbu?"

"Ni da Iro ne."

Ta ci gaba da saƙarta. "To, ki ce ina gaishe shi. Ki ce ya gaida uwarsa."

Bazara ta shigo da zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ƙasar fadama ta dare, tsagar har ƙafata tana shigewa. Da rana ba a taka ƙasa, gudu nake yi daga inuwa zuwa inuwa. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu. Leɓena ya farfashe, gishirin gumi ya yi fari a wuyana. A cikin wannan hali ne na ƙulla wani abu a raina wanda ba wanda ya faɗa mini: muddin shanun nan suna nan lafiya, masu su za su dawo. In ƙafar wata ta ɓalle, ba na samun natsuwa sai na liƙa ta.

Sannan ga maganar haihuwa. Amana ai ba a mayar da ita yadda aka kawo ta, ya kamata a ce garke ya ƙaru. Amma laka ta zama dutse, sai an jiƙa, ruwa kuwa ya fi komai tsada. Na ɓamɓaro ɓawon laka na faki idon Kaka na tsiyaya masa ruwan tulu. Ido ne ba ta da shi, kunnenta ras yake.

"Ke, 'yar nema! Ruwan da kika yini kina jira kike ba ƙasa? Zo nan!"

Ta maka mini faifai a baya, na yi kuka mai isata, ba don zafin dukan ba. Ba ta lallashe ni ba. Amma da azahar ta yi, ta ɗauki buta, sai na ji ta ce, "Miƙo mini kaskon can." Ta ajiye shi a tsakanin ƙafafunta ta yi alwala a kansa, ta turo mini da ƙafa. Tun daga ranar, duk ruwan da ya sauka daga fuskar Kaka da hannuwanta a kaskon yake taruwa, da shi shanun ƙauyenmu suka yi ta haihuwa. Na Habu sun fi na kowa 'yan maruƙa, ban ɓoye son kai ba.

Da lokacin ruwa ya yi, tsofaffi suka fita roƙo, suna jan ƙafa. Hadari ya riƙa haɗowa daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta watsa shi. Har muka daina ɗaga kai. Ran nan da la'asar na bar shanu a gindin tsamiya na gangara ramin ruwa, don tulun safe bai kai ba. Ina tsugune ina jira sai na ji iska ta sauya, ta yi sanyi, ta kawo wani ƙamshi. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, ƙato, mai nauyi. Daga kan tudu na jiyo wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa da muryar da ta dishe. Na miƙe na buɗe baki sama, ruwa yana dukan fuskata, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. An yi ruwa, su Habu za su dawo!

Sai na tuna inda na bar shanun.

Na bar tulu a nan na zura da gudu. Ƙasar da ta yi wata da watanni tana ƙona mini ƙafa ta koma santsi, na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa. Tsamiya ba ta tare komai ba. Na tarar toka tana gangarowa daga jikin fararen, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu sun riga sun zauna. Na kwance zanina na yi ta kwasa ina zubawa, na Habu da na Iro da na kowa, ba zancen ware garke. Na rungume na nufi gida. Ina gudu ina jin su suna narkewa a jikina, ƙayoyin ƙaho suna soka mini ciki.

Kaka tana bakin ƙofa a cikin ruwa, ta fito da duk wata ƙwarya da tukunya da muke da ita.

"Kaka, sun mutu! Duk sun mutu!"

"Innalillahi! Su wa?"

Na dire mata zanin. Ta laluba, ta ji curin laka guda da ƙayoyi a jiki. Ta sauke ajiyar zuciya, na ga kamar za ta zage ni don tsoron da na ba ta, sai ta fasa.

"An taɓa gasa su a wuta?"

"A'a."

"To, kukan me kike yi? Lakar tana nan, ba inda ta je. Gobe ki zauna ki sake gina su."

Haka na yi. Yanzu ruwa ya wadata, ba sai an jira alwala ba. Na san hannun kowa: Iro dogon ƙaho yake so, wance ba ta yin wutsiya, wane tozonsa a karkace. Duk na fitar da su. Na Habu ne suka gagare ni. Duk yadda na yi, sai saniyar ta fito daidai ta tsaya da ƙafafunta, hannuna ya riga ya saba. Na rushe na sake, na rushe na sake. Daga ƙarshe na koma ginawa da hannun hagu, a nan ne guda ɗaya ta fito da ƙaton kai da gajerun ƙafafu, ina ajiye ta ta kifa da hanci. Na yi murna sosai, na ce ko ita kaɗai ta isa ya yarda nasa ne.

Da damina ta kankama mutane suka fara dawowa, gida ɗaya yau, biyu jibi, kowa da ɗan ƙullin iri. Turmi ya fara magana. Iro ya dawo ya yi tsawo ya yi baƙi, da lauje a kafaɗa. Na kawo masa amanarsa da 'ya'yanta, ya duba ya yi 'yar dariya, ya miƙa wa ƙanwarsa. Abin ya yi mini ciwo, amma ban damu sosai ba, ba shi nake jira ba. Na jera na Habu a ƙofar ɗakin Inna, kullum kuma ina ƙarshen tudu.

Wata rana da hantsi 'yan gidanmu suka ɓullo daga cikin kaba. Baba a gaba da kaya, Inna a baya da goyo. Na sheƙa na wuce su, don na san halin Habu da zama baya. Na tsaya ina duban hanya. Ciyawa ce kawai, sabuwa, kore shar.

"Dije," in ji Baba. "Dawo mu je gida."

A lokacin ba a zaunar da yaro a faɗa masa irin wannan magana. Ta bayan zana na ji Baba yana gaya wa Kaka da ƙaramar murya: ƙyanda ce ta shiga zangon da suka sauka ta ɗauke Habu, tun kafin zafi ya tsananta. Na ji Kaka tana salati. Na tsaya ina lissafi a raina, ashe duk 'yan maruƙan nan da na yi ta gina masa, ya riga ya daɗe a ƙasa.

Inna ta tsallake shanun ta shiga ɗaki. Aka yi kwanakin gaisuwa, aka koma gona, don shuka ba ta jiran mai makoki. Ban taɓa shanun ba, ban kuma kai su kiwo ba. Wata safiya Inna ba ta bi Baba gona ba. Na same ta zaune a bakin ƙofarta ta zuba musu ido, Kaka tana gefe a kan tabarma tana saƙa.

"Dije, waɗannan ne nasa?"

"Su ne, Inna. Sun haihu."

Ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana juyawa tana ajiyewa. "Wannan hannunki ne. Wannan ma." Har ta zo kan mai ƙaton kai. Ta tsayar da ita a ƙasa, ta kifa. Ta sake tsayar da ita, ta sake kifawa. Sai Inna ta ɗauke ta da hannu biyu.

"Wannan kam shi ya gina. Ko a cikin dubu na san hannunsa."

Na buɗe baki zan yi magana.

"Dije," in ji Kaka, da ƙarfi fiye da yadda ta saba. "Tashi ki jiƙa mini kaba, ta bushe."

Kabar a jiƙe take, ni na jiƙa ta da safen. Na dubi Kaka, ta juyo da idanunta marasa gani sosai ta kafe ni da su. Na tashi na ɗauki kabar na tafi bakin randa. Da na dawo Inna ta naɗe saniyar a cikin wani tsohon kallabi.

Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da Kaka, har ta koma ga Allah. Aka yi shekaru masu albarka, aka yi na ambaliya, har wata ta ci rabin tudunmu muka taso muka dawo cikin gari. Duk inda aka je, kallabin yana cikin kwallar Inna, a ƙasan kayanta. Ta ƙara haihuwa, ta ga jikoki. Wani lokaci in na shigo ɗakinta ba sallama sai in tarar tana mayar da murfin kwallar.

Bayan rasuwarta, mata suka taru ana fitar da kayanta don rabo. Wata jikarta, 'yar wani ƙanena da aka haifa daga baya, ta kwance kallabin. Ƙahonin sun daɗe da zubewa, ƙafa ɗaya ta ɓalle, kan ya yi sulɓi saboda shafa.

"Goggo, mene ne wannan? Ƙasa ce fa. A zubar?"

Na karɓe ta daga hannunta. Na dubi ɗakin, cike da 'yan'uwana, na ga babu ko mutum ɗaya da ya ga wancan rani.

"Ba a zubarwa," na ce. "Saniyar Habu ce, shi ya gina ta da hannunsa."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta sake dubana.

"Goggo, wane ne kuma Habu?"